Cakulan a Zafin Bazara: Kayan Zaƙin Sallah Tsakanin Turmi da Firji

A 'yan shekarun nan, da zarar azumi ya raba tsakiya, wayoyin matan Dutsin-Ma da Kurfi, musamman 'yan mata da amaren da ba su daɗe da tarewa ba, sukan cika da gajerun bidiyoyi masu koyar da haɗa kayan zaƙin Sallah, kuma daga cikin waɗanda suka fi jan ido akwai biskit ɗin da ake tsomawa cikin narkakken cakulan, a barbaɗa masa 'yan ƙwayoyin alawa masu launi, a jera shi a faranti har ya daskare. Sauƙi ne abin da ake tallata wannan haɗi da shi, domin ba a kwaɓa fulawa, ba a gashi, kuma ana cewa ko ɗan firamare zai iya gama shi cikin rabin sa'a. Duk wannan gaskiya ne a ƙasashen da haɗin ya fito. Sai dai wanda ya san yadda rana take dukan tsakiyar ƙasar Katsina a watan Afrilu, ya kuma san irin tafiyar da abin Sallah yake yi kafin ya shiga baki, zai ga cewa haɗin ya zo da maganin matsalar da madafin Bahaushiya bai taɓa fama da ita ba, sannan ya jawo wadda ita ce ainihin ciwon kan wannan yanki, wato neman sanyi.

A Amurka da Turai bikin Kirsimeti yana faɗowa ne a tsakiyar lokacin sanyi, kuma al'adarsu ce a gasa ƙananan biskit iri-iri a cikin obin, wato rufaffen akwatin gashi mai aiki da gas ko lantarki, a raba wa dangi da maƙwabta. Aiki ne mai cin lokaci, saboda haka matan da ke wuni a wurin aiki suka nemi gajeriyar hanya: a sayo biskit ɗin kanti irin su Oreo, wanda kamfanin Nabisco ya fara sayarwa a 1912, a narkar da cakulan, a tsoma. Wani lokacin akan manna biskit biyu da niƙaƙƙiyar gyaɗa a tsakani kafin a tsoma, wani lokacin kuma akan daddake biskit ɗin a kwaɓa shi da wani irin cukwi mai laushi, a mulmula, a sa a firji ya yi tauri, sannan a lulluɓe shi da cakulan. Abin da masu bidiyon ba sa faɗa, domin a wurinsu bai kai a faɗa ba, shi ne ɗakin girkin da suke ciki bai wuce digiri 20 zuwa 22 a ma'aunin Selshiyas ba, kuma firjinsu ba ya mutuwa dare da rana. Aikin da wuta take yi a biskit ɗin gashi, na ƙame shi ya tsaya da siffarsa, sanyi ne aka ɗora wa shi a wannan haɗi, don haka inda babu sanyi an cire masa ginshiƙi.

A ƙasar Hausa kuwa gashi a rufaffen wuri sana'ar masu gurasa ce da tanderunsu, sai gidajen burodi da suka zo daga baya, amma kayan zaƙin cikin gida ba su taɓa dogara da shi ba. Hanyoyi uku aka sani, wato suya da dafuwa da daka, kuma da su aka samar da duk abin da ke cika kwalla da langa ranar Sallah ko ranar kai gara. Alkaki shi ne ya fi cancanta a tsaya a kansa, domin shi ma abin tsomawa ne: ana ɓarza alkama, a murje ta da mai, a kwaɓa da nono ko yis a bar ta ta kwana ta yi tsami, a daidaita tsamin da ɗan ruwan kanwa, a murza a naɗe, a soya a mai har ya yi ja, sannan a tsoma shi cikin zuma ko sukarin da aka dafa da lemun tsami ko tsamiya. Tsamin nan da ake sa wa sukari yana da aiki, shi ne yake hana shi komawa ƙwaya-ƙwaya idan ya huce, ya bar shi da sheƙi da danƙo. Dubulan ma haka ake tsoma shi bayan an soya. Ke nan hannun da ya saba ɗaga alkaki daga tukunyar zuma ba baƙon tsoma biskit a cakulan ba ne. Bambancin yana cikin abin da ake tsomawa a ciki, domin zuma da dafaffen sukari suna tsare abin da suka lulluɓe, shi kuwa cakulan shi ne yake buƙatar a tsare shi.

Nakiya ta fi alkaki nisa a wannan fanni. Ana jiƙa shinkafa a wanke a shanya, a mayar da ita gari, a soya garin sama-sama har ya yi ƙamshi, a haɗa shi da zuma ko dafaffen sukari ko mazarƙwaila, wato daskararren ruwan rake, a zuba citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, a kirɓa a turmi ana ɗiga man shanu ko man gyaɗa har ta haɗe ta yi santsi, sannan a cura. Nakiyar da ta sami hannu takan yi watanni a rufe ba ta canza ba, shi ya sa take cikin kayan garar amarya da na mai jego, domin abin da za a riƙa ɗiba ne a hankali ana ba baƙi. Dakuwa, ko ta aya ko ta gyaɗa, ita ma daka ce bayan 'yar suya. Kantun riɗi kuma sukari ne ake narkarwa a juye soyayyen riɗi a ciki, a shimfiɗa a murje da kwalba, a yanka tun da ɗumi. Tuwon madara, wanda ya fi su ƙuruciya a tarihi, sukari ne ake dafawa da ruwa har ya yi danƙo, a tuƙa madarar gari a ciki, a shimfiɗa a fitar da siffar da ake so. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya san obin, kuma babu wanda yake neman firji.

Dalilin wannan juriya sananne ne ga masana kimiyyar abinci. Ƙwayoyin cuta da fumfuna ba sa rayuwa sai da ruwa, kuma ba yawan ruwan da ke cikin abinci kaɗai ne abin dubawa ba, har da ko ruwan a sake yake ko a ɗaure. Suya tana korar ruwa, sukari mai yawa kuma yana riƙe ɗan abin da ya rage ya hana ƙwayoyin amfani da shi, mai yana toshe hanyar danshi, sannan kanumfari da citta suna da nasu ɗan tasirin wajen rage ɓaci. Matan da suka gaji wannan aiki daga iyaye da kakanni sun isa ga wannan sakamako ta hanyar gwaji na tsawon zamani, a ƙarƙashin sharaɗi guda da yanayi ya gindaya musu, wato abin da aka yi ya iya zama a ɗaki mai zafi.

Sharaɗin kuwa yana da nauyi saboda yadda ake Sallah a wannan yanki. Abin zaƙin Sallah ba a faranti yake ƙarewa ba. Ana yin sa kwana biyu ko uku kafin ganin wata, a rufe a ajiye. Ranar idi a zuzzuba a kwanuka a ɗora wa yara su kai gidan kaka da gidan goggo da gidan surukai. Washegari a ƙulla wani a leda a shiga mota da shi daga Kurfi zuwa Dutsin-Ma, ko daga Dutsin-Ma zuwa Katsina, tafiyar kimanin kilomita 60, inda jama'a ke zuwa kallon hawa da gaida 'yan uwa. Yaran da ke yawon Sallah gida-gida suna cewa barka da Sallah kuwa aljihu ne ma'ajiyarsu, a nan ake haɗa sabbin takardun kuɗi da cincin da alawa a wuni ana yawo da su a rana. Duk uwar da ta biya tela kuɗin ɗinkin sabuwar shadda tana iya hasashen abin da biskit mai cakulan zai yi wa wannan aljihu kafin azahar.

Raunin cakulan a gaban zafi daga asalin halittarsa yake. Ana yin sa ne da 'ya'yan itacen koko, kuma fiye da rabin nauyin ƙwayar kitse ne, wanda yake a daskare a ɗaki mai sanyi amma yake narkewa a wajen digiri 34, ƙasa kaɗan da zafin jikin ɗan Adam. Wannan shi ne sirrin daɗinsa, domin yana taɓa harshe yake narkewa, kuma shi ne ya sa a zafin bazara yake zama kamar man shanun da aka manta a rana. Tun da Baholande Van Houten ya sami hanyar matse kitsen daga ƙwayar a 1828, kamfanin Fry na Ingila ya fitar da cakulan na ci a dunƙule a 1847, sannan Daniel Peter na Suwizalan ya haɗa shi da madara a 1875, masana'antar ta girma ne a ƙasashen sanyi, ta kuma gina ƙa'idojinta a kan yanayinsu. Kitsen koko yana iya daskarewa a siffofi shida daban-daban, kuma ɗaya ce kawai daga cikinsu take ba da sheƙi da ƙarar karyewa da ake so. Kafin a samu wannan siffa sai an narkar da cakulan ya kai wajen digiri 45, a sauko da shi zuwa wajen 27, a sake ɗaga shi kaɗan zuwa 31 ko 32, sannan a tsoma. A ɗakin girkin da iskarsa kanta ta haura digiri 35, saukowa zuwa 27 ba ya yiwuwa sai da ƙanƙara, kuma ɗigon ruwa kaɗan idan ya faɗa cikin narkakken cakulan yakan sa ya dunƙule ya ƙi tsomuwa. Idan aka tsallake wannan mataki aka dogara da firji kawai, to da an fito da shi raɓa take kwanta masa, daga baya ya yi fari-fari kamar ya tsufa. Wannan farin ba ya cutarwa, amma ya isa ya sa mai saye ta mayar da kaya. Matsalar ba sabuwa ba ce, domin a 1943 kamfanin Hershey ya yi wa sojojin Amurka da ke yaƙi a ƙasashe masu zafi wani cakulan da zai iya riƙe siffarsa na sa'a guda a digiri 49, sai dai abin da ya ƙi narkewa a rana ba ya saurin narkewa a baki, kuma da wannan aka biya kuɗin juriyar.

Kalandar ma ba ta goyon bayan haɗin a yanzu. Kirsimeti a tsaye take a Disamba, lokacin da hunturu kan sauko da sanyin dare a ƙasar Katsina ƙasa da digiri 15, saboda haka Kiristocin da ke zaune a Dutsin-Ma, da suka haɗa da ɗalibai da ma'aikatan Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, suna iya tsoma biskit da daddare su wayi gari ya ƙame ba tare da firji ba. Sallah kuwa tana bin wata, tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. Ƙaramar Sallah ta 2024 ta kama 10 ga Afrilu, ta 2025 ta kama 30 ga Maris, duka a cikin bazara, lokacin da zafin rana kan kai digiri 40 ya ma wuce. Gaskiya ne cewa tana tafiya wajen sanyi, kuma a farkon shekarun 2030 za ta faɗo cikin Janairu, amma a daidai wannan lokaci babbar Sallah, wadda ta kama 6 ga Yuni a 2025, za ta riga ta ratsa Mayu ta shiga Afrilu da Maris. Ɗaya na fita daga zafin ɗaya na shiga, don haka a cikin shekaru masu zuwa da wuya a sami shekarar da Sallolin biyu za su yi wa cakulan daɗi.

Da wutar lantarki tabbatacciya ce da an ce firji ya raba gardama. Amma mazauna yankin da kamfanin KEDCO yake ba wuta, wato Kano da Katsina da Jigawa, sun san cewa bazara ita ce lokacin da aka fi buƙatar wuta kuma aka fi rasa ta, kuma ba a manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan an lalata layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna. Gidajen da suka sa sola sun ƙaru, sai dai mafi yawansu fitila da fanka da cajin waya suke ɗauka, ba firjin da zai kwana yana aiki ba. A nan ne batun ya tashi daga na kyan gani ya koma na lafiya. Biskit ɗin da aka tsoma a cakulan zalla idan ya narke ɓata hannu kawai zai yi, amma wanda aka kwaɓa da cukwi mai laushi ko kirim na madara abinci ne mai saurin lalacewa, kuma shawarar da hukumomin kula da abinci na Amurka kansu suke bayarwa ita ce kada irin wannan ya wuce sa'a biyu a waje, idan kuma zafi ya haura digiri 32 kada ya wuce sa'a ɗaya. Lulluɓin cakulan yana ɓoye abin da ke faruwa a ciki, ba a ganin canjin launi, ba a jin wari sai an gutsura. Wannan nau'i bai kamata ya shiga kwanon rabo ba ko kaɗan, ko da wace irin kwalliya aka yi masa.

Sai kuma tsada. Nijeriya tana cikin manyan ƙasashen da ke noman koko a duniya, a jihohi irin su Ondo da Kuros Riba da Osun, kuma dogon benen Cocoa House da aka buɗe a Ibadan a 1965 da kuɗinsa aka gina shi, amma mafi yawan amfanin ɗanye ake fitar da shi, cakulan ɗin da ke kantunan Katsina da Kano kuma da dala ake shigo da mafi yawansa. Farashin tan guda na koko, wanda ya daɗe yana yawo a wajen dala 2,500, ya haura dala 10,000 a Maris na 2024, ya wuce 12,000 a Disamba na wannan shekara, saboda rashin kyan amfani a Kwaddibuwa da Gana waɗanda ke samar da fiye da rabin kokon duniya. Daga baya ya sauko, sai dai hauhawar ta haɗu da faɗuwar darajar naira tun daga tsakiyar 2023, ta yadda abin da ake kira haɗi mai sauƙi ya zama mai sauƙin aiki ne kawai. Gyaɗa da riɗi da aya da shinkafa kuwa ana auna su a kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma, kuma kuɗinsu a hannun manoman yankin yake tsayawa.

Duk da haka, wanda zai kafa hujja da cewa kayan gargajiya na gida ne tsantsa, na zamani kuma baƙi ne, bai duba kwanon da kyau ba. Fulawar cincin da dubulan daga alkamar da aka shigo da ita take, farin sukari mafi yawansa ɗanyensa daga Brazil ake kawowa a tace a Legas, madarar awo da ake tuwon madara da gullisuwa da ita ma ta ƙetare ce, kuma kaso mai yawa daga cikinta an cire mata kitsen nono an maye shi da man itace. Ko man shanun nakiya ya yi wuya tun da rashin tsaro ya tarwatsa rugage a ƙananan hukumomin da ke gefen dajin Rugu. Tuwon madara kansa shaida ne cewa madafin Hausa yana karɓar baƙon abu ya mayar da shi ɗan gida, matuƙar ya bi sharaɗin ɗaki mai zafi. Ba a kuma yi wa 'yan matan yanzu adalci idan aka ce lalaci ne ya kai su ga biskit da cakulan. Nakiya aikin gayya ce, ta zamanin da matan babban gida suke haɗuwa a tsakar gida da taɓare uku a turmi ɗaya. Amaryar da ke zaune ita kaɗai a gidan haya kusa da jami'a, tana koyarwa ko tana karatu, tana kuma azumi, ba ta da waɗannan hannuwa. Suyar alkaki a tafasasshen mai ba aikin da za a sa yara ba ne, alhali tsoma biskit abu ne da uwa za ta yi tare da 'ya'yanta ba fargabar ƙuna. Waɗannan dalilai ne na gaske, kuma raina su ba zai mayar da kowa bakin turmi ba.

Akwai ma wani abin da haɗin baƙi ya fi na gida, wanda masu kishin gargajiya ba su cika son ji ba, shi ne awo. Bidiyon yana faɗin kofi nawa, cokali nawa, minti nawa, don haka wadda ba ta taɓa yi ba tana iya yi ya yi kyau tun karon farko. Idan kuwa yarinya ta tambayi innarta yawan kanwar alkaki, amsar ba ta wuce a sa daidai misali, kuma misalin yana cikin hannun da ya shekara talatin yana yi. Ilimin da ba a auna ba yana tafiya ne tare da mai shi. Garin da yake da jami'ar tarayya da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita bai rasa waɗanda za su zauna da tsofaffin masu yin kayan gara a Dutsin-Ma da Kurfi da sikeli da agogo, su rubuta awon nakiya ta kofi biyu maimakon ta kwano goma, su gwada ko injin markaɗe na gida zai iya ɗauke rabin aikin turmi, su kuma tantance kwana nawa kowane abu yake yi a zafin Afrilu kafin mansa ya fara ɗaci. Aiki ne da ya fi ƙarfin mutum ɗaya amma bai fi ƙarfin ɗaliban shekarar ƙarshe ba.

Ga wadda ɗanɗanon cakulan take so, hanya mafi aminci ita ce ta raba ɗanɗanon da kitsen, domin kitsen ne mai narkewa, garin koko kuwa ba ruwansa da zafi. Cokali uku ko huɗu na garin koko zalla, idan aka tankaɗe su tare da kofi biyu na madarar gari kafin a tuƙa, suna ba da tuwon madara mai duhu wanda zai kwana ya wuni a leda. Ana iya yin haka da Milo ko Bournvita, amma da yake akwai sukari da yawa a cikinsu sai a rage na tukunya. Ana kuma iya daddaka biskit marar zaƙi sosai, irin kabin, a juye cikin wannan tuwo tun da zafi, a danne a tire a yanka, ya ba da abin da ya yi kusa da na bidiyo ba tare da cukwi ba. Idan tsomawar ce ake sha'awa, sai a dafa sukari kamar na alkaki amma ba tare da lemun tsami ba, har ɗigonsa ya dunƙule a ruwan sanyi, a sauke a juya garin koko a ciki, a tsoma biskit da hanzari a jera a kan rariya. Rashin tsamin zai sa sukarin ya ƙame ya yi ɓawo, busasshiyar iskar bazara kuma, wadda take maƙiyiyar cakulan, ita ce za ta taimaka masa ya bushe. Biskit biyu da aka manna da niƙaƙƙiyar gyaɗa sun fi dacewa da wannan lulluɓi, muddin an tsince gyaɗar an zubar da ruɓaɓɓu da masu fumfuna, waɗanda ke ɗauke da gubar da ke yi wa hanta illa kuma suya ba ta kashe ta. Raunin wannan hanya damina ce, domin idan iska ta yi danshi ɓawon sukari yakan yi gumi ya manne.

Masu yin na sayarwa, waɗanda ke tallata kayansu a WhatsApp suna karɓar oda daga ɗalibai da matan ma'aikata, galibi ba cakulan na ainihi suke amfani da shi ba ko da ba su sani ba. Wanda ake sayarwa a dunƙule a shagunan kayan kek an yi shi ne da garin koko da sukari da man ƙwayar kwakwar manja a madadin kitsen koko, shi ya sa ya fi araha, ba ya buƙatar hawa da saukar zafin da aka bayyana, kuma ya ɗan fi jure ɗumi, ko da yake yakan bar maiƙo a dasashi. Ba laifi ba ne a yi amfani da shi, amma ya kamata a duba lambar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi a jikinsa da jikin kwalin biskit, domin gab da Sallah ne tsofaffin kaya suke fitowa daga sito, kuma lulluɓi yana ɓoye biskit ɗin da ya sha iska. Ya kamata kuma a ƙanƙanta girman kowane ɗaya, ganin cewa Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum yake samu daga abinci a yini, wato kimanin giram 50 ga babba, alhali yaron da ya zaga gida goma ranar Sallah ya wuce wannan tun kafin la'asar. Game da lokaci kuwa, mai sana'ar da ta karɓi odar biskit mai cakulan a Afrilu ita ce za ta ɗauki asara idan wuta ta ɗauke cikin dare ko mai babur ya tsaya a layin mai da kayan a bayansa, domin mai saye hoton da ta gani za ta nema. Tsakanin Disamba da farkon Fabrairu ne wannan kaya yake da kasuwar da ba ta da wannan haɗari, lokacin da bukukuwan aure suke yawaita bayan an kawar da amfanin gona, kuma ana iya tsomawa bayan isha'i a bar tire kusa da taga a kai wa mai shi kafin hantsi.